Maƙabartar Motoci: Ajiya Daban, Kulawa Daban

 A wannan karo za mu leƙa wani wuri da ba kasafai ake kai baƙo ba, wato maƙabartar motoci.

Kowa dai ya san akwalar mota. Da wuya a sami unguwar da ba ta da ko da guda ɗaya a bakin kwata, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Amma waɗanda muke nufi a nan daban ne. A wasu ƙasashen Turai akwai filaye da dazuzzuka inda motoci masu daraja, irin waɗanda a duk duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, suka yi shekara 40 ko fiye a tsaye wuri ɗaya, har ciyayi masu yaɗo suka shiga ta taga suka fita ta gilashin gaba, gansakuka ta rufe rufinsu. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka tara waɗannan motoci masoyan mota ne na haƙiƙa, sun kashe dukiyarsu don su tsirar da su. To, yaya aka yi so ya kai abin so ga halaka?

Bari mu ɗauki labarin mutum ɗaya. A yammacin ƙasar Faransa, a wani ƙauye mai suna Échiré kusa da garin Niort, an yi wani attajiri ana ce masa Roger Baillon. Sana'arsa sufuri ce, yana da kamfanin manyan motocin dakon kaya, kuma shi kansa ya san ƙarfe ciki da waje. A shekarun 1950 da 1960 ya shiga sayen tsofaffin motocin alfarma waɗanda masu su suka gaji da su. A wancan zamani irin waɗannan motoci ba su da kasuwa, domin suna shan mai da yawa, ga haraji mai nauyi da gwamnatin Faransa ta ɗora wa motoci masu babban inji, ga kuma kamfanonin da suka ƙera su suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Delahaye ta daina yin mota a 1954, Facel Vega ta rufe a 1964. Saboda haka motar da wani basarake ko hamshaƙin ɗan kasuwa ya yi tinƙaho da ita kafin yaƙin duniya na biyu, sai ga ta ana neman wanda zai saye ta a kuɗin ƙarfe. Baillon ya riƙa tare su a hanya kafin su kai ga guduma: Bugatti, Hispano-Suiza, Delage, Talbot-Lago, Panhard da sauransu. Burinsa shi ne ya buɗe gidan tarihin motoci a filin gidansa, jama'a su zo su gani, har ya tanadi wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da zai riƙa zagayawa da masu kallo.

Burin bai cika ba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfaninsa ya durƙushe, aka tilasta masa sayar da motoci masu yawa don biyan bashi. Waɗanda suka rage sai aka bar su inda suke, a ƙarƙashin rumfunan kwano marasa bango, iska da ruwa da sanyin hunturu na shiga ta kowane gefe. Baillon ya rasu, ɗansa Jacques ya gaje shi, shi ma ya rasu a 2013. Sai a 2014 jikoki suka kira masana daga wani kamfanin gwanjo na birnin Faris mai suna Artcurial su zo su duba ko akwai abin da zai yi kuɗi. Abin da masanan suka tarar ya girgiza duk masu sha'awar mota a duniya.

Kafin mu kai ga gwanjon, ya kamata mu faɗi abin da ya sa ake kiran irin waɗannan motoci masu wuyar samu, domin mai karatu zai iya cewa ai mota mota ce. A da can a Turai, idan mai kuɗi zai sayi babbar mota, inji da ƙashin mota kawai yake saye daga kamfani, babu jiki. Daga nan sai ya kai wa masu ƙera jiki, su kafa firam na katako, su bubbuga ƙarfe ko alminiyam da hannu su lulluɓe shi, su ɗinka kujerun fata yadda mai motar yake so. Cikin shahararrun masu wannan sana'a a Faransa akwai gidan Saoutchik, kuma akwai aikinsu a cikin motocin Baillon. Tunda aikin hannu ne, da wuya a sami biyu da suka yi kama ta kowace fuska. In ɗaya ta ruɓe, shi ke nan, babu inda za a je a sayo irinta. Mai karatu ya riƙe wannan batu a ransa, za mu komo gare shi.

Yanzu kuma ga yadda mota take mutuwa a tsaye, kamar yadda muke koya wa yara a darasin kimiyya. Tsatsa tana buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. Fenti shi ne katangar da ke raba ƙarfe da sauran biyun, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar fenti ya ɗan fashe, danshi ya shiga, tsatsa ta kama. Muguntar tsatsa ita ce ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, don haka sai ta kumbura, ta ɗaga fentin da ke kewaye, ta ɓare ta faɗi, ta buɗe sabon ƙarfe ga danshi. Haka za ta yi ta ci har ta huda. Gishiri yana ƙara mata sauri, shi ya sa motar da ta zauna a bakin teku a Akra ko Takoradi take saurin ruɓewa fiye da ta Tamale. Motar da aka ajiye a kan ƙasa tsura kuwa daga ƙasa take fara mutuwa, domin ciyawa na riƙe raɓa, busasshen ganye na toshe kafofin da ruwa ke bi ya fita, ruwan ya kwanta a cikin ƙofofi da ƙarƙashin kujeru.

Ciki ma ba a tsira ba. Injin da ya daɗe ba a tayar ba, mai yakan tsiyaye daga jikin silinda ya koma ƙasa, danshi ya maye gurbinsa, fistin ya manne ya ƙi motsi. Fetur da ya kwana shekaru a tanki yakan zama kamar ƙaro ya toshe hanyoyinsa. Man birki yana jan ruwa daga iska, ya ci bututunsa daga ciki. Roba ta bushe ta tsattsage, ɓeraye su yi sheƙa a kujera su tauna wayoyi, firam ɗin katako ya ruɓe, jikin motar ya zube a kan ƙashinta. Babu wanda ya ɗaga guduma, babu wanda ya yi mugun nufi. Barin ta kawai aka yi.

A ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka yi gwanjon motoci 59 na gidan Baillon a wajen baje-kolin tsofaffin motoci na Rétromobile a Faris. An kawo su da ƙurarsu da tsatsarsu yadda aka same su, jama'a suka yi layi suna kallo. An tashi da kuɗi sama da yuro miliyan 25. Mota ɗaya tak, wata Ferrari 250 GT California ta 1961, wadda marigayi ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa, ita kaɗai ta ci kimanin yuro miliyan 16.3. An same ta ne a binne ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, amma a cikin gareji mai bango da ƙofa. Kusa da ita akwai wata Maserati ta 1956, wadda ta ci kimanin yuro miliyan 2. Mu yi lissafi irin na aji huɗu: motoci 2 da suka kwana a ɗaki sun kawo sama da miliyan 18, sauran 57 gaba ɗayansu ba su kai miliyan 7 ba. Gaskiya ne ita Ferrari ɗin dama can mai tsada ce, domin irinta da aka ƙera ba su kai 60 ba. Amma duk wanda ya ga hotunan ya san bambancin da bango huɗu suka yi. Waɗannan biyu sun fito da jikinsu cikakke, alhali wasu 'yan'uwansu da ke rumfa sai da aka yi dabara kafin a ɗaga su, don kada su wargaje a hannu.

Ba za mu ci amanar Baillon ba. Ba don shi ba, da tuni an narkar da waɗannan motoci tun kafin a haifi yawancinmu. Sai dai ya yi rabin aiki ne, ya ƙwace su daga hannun mai guduma ya miƙa wa ruwan sama. Ya tara fiye da abin da zai iya kula da shi, kuma da ƙarfinsa ya ƙare bai nemi wasu hannaye su kama masa ba.

Don mu ga cewa ba dole ne abin ya ƙare haka ba, mu duba wani labari daga wannan ƙasa ta Faransa, kuma a daidai wannan zamani. A garin Mulhouse da ke gabas, wasu 'yan'uwa biyu, Fritz da Hans Schlumpf, masu masaƙun ulu, sun tara ɗaruruwan tsofaffin motoci a ɓoye, mafi shahara a cikinsu Bugatti. Su ma kasuwancinsu ya karye, suka tsere zuwa Suwizalan suka bar ma'aikata cikin wahala. A 1977 ma'aikatan suka shiga ginin da aka ɓoye motocin suka mamaye shi. Suna da dalilin da za su huce haushinsu a kan motocin, amma maimakon haka sai suka buɗe ƙofa suka ce jama'a su zo su ga inda guminsu ya tafi. A 1978 hukuma ta sa motocin cikin kayan tarihin ƙasa don kada a rarraba su, a 1982 kuma aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Yana nan har yanzu da motoci sama da 400. Karayar arziki iri ɗaya ce ta sami gidajen biyu. Na Mulhouse sun tsira ne saboda suna cikin gini, kuma saboda mutane da yawa sun san da su, sun ɗauke su a matsayin nasu.

Akwai kuma wani abu da ke ruɓewa tare da ƙarfe, wato labari. A kudancin ƙasar Beljiyam, a wani daji kusa da ƙauyen Châtillon, an daɗe ana ganin jerin tsofaffin motoci, da yawansu ƙirar Amurka, itatuwa sun kewaye su. Hotunansu suka bazu a intanet da bayanin cewa wai sojojin Amurka ne suka ɓoye su bayan yaƙin duniya na biyu da niyyar su dawo su ɗauka. Labari mai daɗin ji, amma yaƙin a 1945 ya ƙare, yawancin motocin kuwa bayan haka aka ƙera su. Asalin abin shi ne wani mai garejin ƙauyen ne yake hulɗa da sojojin saman Kanada da ke zaune a sansanin Marville, can tsallaken iyaka a Faransa, yana gyara musu motoci yana tara tsofaffi don kayan gyara. Da Faransa ta sallami sojojin ƙawance daga ƙasarta, 'yan Kanada suka tashi a 1967, kasuwarsa ta mutu, motocin suka zauna. A 2010 aka kwashe su duka saboda gurɓata ƙasa, domin baƙin mai da ruwan batir ba sa tsayawa a cikin mota har abada. Motocin sun tafi, amma ƙaryar tana nan tana yawo.

To, mu a nan fa? Mu ba mu da irin wannan maƙabarta, kuma dalilin a fili yake: ba mu da halin barin ƙarfe ya kwana. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine a Kumasi, ko ya bi layukan Abossey Okai a Akra, ya san cewa motar da Bature ya yanke wa ƙauna, a hannun makanikanmu sai ta ƙara shekara 20 a kan titi. In kuma ta mutu murus, ba a bar ko ƙusa. Sifirin ya koma adda da fartanya a maƙera, taya ta koma takalmi da guga, wili ya koma murhun gawayi, alminiyam ɗin inji a narkar a zuba tukunya, sauran kuma a auna a sikeli a kai Tema a narkar a yi rodin gini. Wannan abin alfahari ne, gidaje da yawa a zangunanmu da wannan sana'a suke ci suke sha, kuma ba mu ga laifin kowa a ciki ba.

Amma mu koma ga batun da muka ce a riƙe. Tsofaffin lorin da suka yi dakon goro daga dazuzzukan Asante, bayan jakunan fatake sun huta, yaya aka yi su? Inji da ƙashi da kai kawai ake kawowa daga Ingila, mafi yawa Bedford. Kafintocinmu ne suke gina bodin katako, su jera bencina, maƙera su ɗaure da ƙarfe, mai fenti ya zo ya yi ado ya rubuta taken da mai motar ya zaɓa a goshinta. Ashe abin da gidan Saoutchik yake yi wa attajiran Faris, shi kafintocin Kumasi suke yi wa iyayenmu, kowace mota da kamanninta, babu biyu iri ɗaya. Su ne suka kai goro arewa suka dawo da albasa da wake, su suka kai amare, su suka ɗauki maniyyata zuwa rabin hanya a zamanin da ake tafiya Makka ta ƙasa. Yau ba a ƙera Bedford a Ingila, kafintocin da suka san aikin bodin suna ta ƙarewa, motocin kuma kullum raguwa suke yi.

A unguwar da muka tashi akwai wani dattijo da ya ajiye irin wannan lori a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, bayan ƙafa ta hana shi tuƙi. Muna yara a cikinta muke wasan ɓuya. Masu sayen ƙarfe sun yi ta zuwa yana korarsu. Wata rana wani daga cikin samarin unguwa ya ce masa, "Baba Alhaji, ga mota tana lalacewa, me zai hana a sayar a huta?" Sai ya ce, "Yaro, wannan da kake gani ita ta gina gidan nan, ita ta aurar da iyayenku mata. Ba a sayar da uwa." Maganarsa ta ratsa mu. Amma bai yi mata rumfa ba, bai ɗaga ta daga ƙasa ba, kuma babu wanda ya zauna ya rubuta shekarar da ya saye ta, ko wanda ya gina mata bodi, ko garuruwan da ta taka. Damina ta yi ta wucewa a kanta. Da ya rasu magada suka sayar da ita a kan sikeli, cikin kwana biyu aka yanyanka ta, allon goshinta mai ɗauke da take kuma wata mai koko ta hura wuta da shi. Tsakanin wannan dattijo da Roger Baillon akwai teku da hamada da miliyoyin kuɗi, amma ciwonsu ɗaya ne.

Motocin manya sukan sami mai tuna su. A wurin tunawa da Kwame Nkrumah a Akra an ajiye motarsa ƙirar Cadillac jama'a na kallo, a gidan tarihin soja da ke Kumasi kuma akwai motocin yaƙi. Amma motar talaka, wadda ta ɗauki kasuwar ƙasar nan a bayanta, wa zai ajiye ta in ba jikokin masu ita ba? Idan muka gaya wa yara a aji cewa kafin ranar 4 ga Agusta 1974 a hannun hagu ake tuƙi a Gana, sai su yi ta kallonmu kamar masu tatsuniya. Da akwai lori ɗaya mai sitiyari a dama da za a kai su su hau, su taɓa bencin, su karanta taken, da darasin ya zauna. Gani ya kori ji.

Ba muna cewa kowa ya mai da ƙofar gidansa juji ba ne. Akwalar da ke tare hanya, tana tara sauro da macizai, gara a sayar da ita. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Wanda yake da tsohuwar mota mai tarihi, ko Bedford ce mai bodin katako, ko Peugeot 404, ko tsohuwar Benz ta kaka, kuma yana son ta rayu, to ya yi mata rumfa mai kare ruwa, ya ɗora ta a kan bulo ko daɓen siminti, ya cire batir, ya share ciyawar da ke kewaye, ya riƙa juya injin lokaci-lokaci da sabon mai. Ya sami ɗan makaranta ya rubuta masa labarinta a littafi, a haɗa da takardunta da hotonta. Sa'an nan ya tara 'ya'yansa tun yana da rai ya gaya musu abin da yake so a yi da ita. In kuwa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, kada kunya ko rowa ta hana shi neman taimako, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin direbobi suna nan, sarakunan zango suna nan, makarantun koyon sana'a suna nan, kuma ɗalibansu za su ƙaru da kwance tsohon inji su mayar. Idan kowane babban gari ya tsirar da lori ɗaya kacal, ya isa.

Muna kira ga dattawan direbobi da tsofaffin yaran mota da kafintocin bodi da ke karanta wannan shafi, ko ake karanta musu, su taimaka da abin da suka sani tun ana iya tambayarsu. Wanda kuma ya san inda wata tsohuwar lori take kwance a bayan gida ko a gindin bishiya, ya je ya duba ta kafin damina ta sake sauka a kanta.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada.